Lengger: Rawar da maza ke yi cikin shigar mata a Indonesiya, da taƙaddamar da ta taso a kanta

A ranar 18 ga watan Afrilun 2019 aka fara haska wani fim mai suna Kucumbu Tubuh Indahku a gidajen sinima na ƙasar Indonesiya. Hukumar tace fina-finai ta ƙasar ta riga ta duba shi, ta kuma amince ƴan shekara 17 zuwa sama su kalla. Amma ba a yi kwana goma ba sai ga magajin garin Depok, wani birni da ke maƙwabtaka da Jakarta, ya rubuta takarda yana neman a hana nuna shi. Hukumomin Palembang da na Kubu Raya da wasu wuraren suka bi sahu, dubban mutane kuma suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna zargin fim ɗin da tallata luwaɗi. A watan Disamban shekarar, fim ɗin nan dai ya kwashe kyaututtuka 8 a gasar Citra, wadda ita ce babbar gasar fina-finan ƙasar, ciki har da kyautar fim mafi kyau. Shi ne kuma Indonesiya ta aika gasar Oscar ta Amurka.

Daraktan fim ɗin, wani mai suna Garin Nugroho, ya gina labarin ne a kan rayuwar Rianto, ɗan rawa daga yankin Banyumas da ke tsakiyar tsibirin Java. Sana'ar Rianto ita ce lengger lanang, rawar gargajiya da namiji ke yi cikin sutura da kwalliyar mata. Gaskiya ne fim ɗin ya taɓo batun sha'awa tsakanin maza, kuma a nan masu adawa suka kafa hujjarsu. Sai dai ƙurar da ta tashi ba ta tsaya kan fim ɗin ba, ta rufe har da ita kanta rawar, wadda ta girmi fim ɗin da ɗaruruwan shekaru. Abin da yawancin masu cacar bakin ba su tsaya dubawa ba shi ne, a wurare da dama na Indonesiya kunya da kare mutuncin mata ne suka sa maza hawa dandali a madadinsu tun farko.

Ƙasar da ake magana a kanta

Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna Indonesiya na da mutum miliyan 270, kuma kusan kashi 87 cikin 100 Musulmi ne. Duk wanda ya sauke farali ya ga ayarinsu a Makka da Madina, domin su ne ke da kaso mafi yawa na kujerun aikin Hajji. Daga can taliyar Indomie ta samo asali, haka ma atamfa, wadda Turawan Holan suka kwaikwayo daga rinin batik na mutanen Java. Fiye da rabin al'ummar ƙasar a tsibirin Java suke zaune, kuma a nan ne mafi yawan irin waɗannan raye-raye suka tsiro, a ƙauyukan manoman shinkafa da kuma fadojin sarakuna Musulmi.

Yadda ake rawar

A Banyumas, wasan lengger na dare ne, a da kuwa kwana ake yi ana yi har asuba. Makaɗa kan zauna a ƙasa da kayan kiɗan da ake kira calung, waɗanda aka yi da gora: sandunan gora da aka jera ana bugawa da ƴan sanduna, sai ganga, sai wata ƙatuwar gora da ake busawa tana ba da amo mai kauri. Ɗan rawa yakan ɗau lokaci mai tsawo wajen shiri. Zai shafa hoda, ya ja gira, ya ɗora ƙullin gashi a ƙeya, ya ɗaura zanen batik, ya naɗe ƙirji da wani ƙyalle, sannan ya rataya dogon mayafi da ake kira sampur a wuya. Da wannan mayafin yake sarrafa rawar, yana wurga shi yana kamawa, wuya da kafaɗa da ƙugu suna bin bugun ganga. Idan ya rataya wa wani ɗan kallo mayafin, gayyata ce ta fito fili, shi kuma ya yi masa liƙi.

A tsarin gargajiya wasan kashi-kashi ne. Akwai rawar mata, akwai barkwanci, akwai rawar dokin saƙa. Kashi na ƙarshe, wanda ake kira baladewan, yana zuwa ne gab da wayewar gari. A nan ɗan rawa yake canza kaya, ya fito cikin shigar jarumi namiji, yana taku da ƙarfi. Mutum ɗaya ne ya nuna fuskar mace da fuskar namiji a dare guda, kuma da ta namijin ake rufe taro.

Ko sunan rawar ma bayani biyu ake yi masa. Wasu sun ce an haɗa kalmar leng, wato rami, da jengger, wato zankon zakara, ma'ana an zaci mace ce ashe namiji ne. Wasu kuma, musamman a yankin Wonosobo, sun ce sunan ya fito daga wata magana ta Javanci mai nufin ka tuna, ɗana. Suna danganta ta da Sunan Kalijaga, ɗaya daga cikin waliyyai tara da ake jingina wa yaɗa Musulunci a Java, wanda ya shahara da amfani da wasannin gargajiya wajen wa'azi. Bayani na biyu ya nuna yadda mutanen yankin suka daɗe suna neman wa rawar gurbi a cikin addininsu.

Asalin rawar dai na gona ne. Ana yin ta bayan girbi don godiya, al'adar da ke da alaƙa da Dewi Sri, wadda mutanen Java na dā suka ɗauka a matsayin uwar shinkafa. Ana kuma kiran ƴan lengger wajen biki, da kaciya, da cika alwashi. Tsofaffin ƴan rawa sun yi imani da wani abu da suke kira indang, wata iska da suke cewa tana shiga jikin wanda aka zaɓa, kusan yadda ƴan bori ke cewa iska ta hau mutum. Wannan ɓangaren ma yana cikin abubuwan da malamai suka daɗe suna suka.

Me ya sa maza?

Cewa al'adar tsohuwa ce, babu gardama. Littafin Serat Centhini, wani kundi mai juzu'i 12 da aka fara rubutawa a fadar Surakarta a 1814, ya ba da labarin samari matafiya da ke rawa cikin shigar mata a gaban masu sarauta. Kuma ba Banyumas kaɗai ke da ita ba. A fadar Sarkin Yogyakarta, wasan wayang wong, inda ake kwaikwayon labaran Mahabharata da Ramayana da rawa, maza ne zalla ke yin sa har zuwa zamanin Sarki Hamengkubuwana na 8, wanda ya yi mulki daga 1921 zuwa 1939. Samari masu siririn jiki ake zaɓa su fito a matsayin gimbiyoyi. A gabashin Java akwai ludruk, wasan kwaikwayon talakawan Surabaya da Jombang, inda maza ke ɗaukar duk wani matsayi na mace. A yammacin Sumatra, ƴan ƙabilar Minangkabau, waɗanda aka sani da riƙo da addini, suna da wasan randai. Al'adarsu a da ba ta yarda mace ta fito fili cikin dare gaban maza ba, don haka saurayi ne ke sa kayan mata ya yi waƙa a madadinta.

Dalilin kusan ɗaya ne a ko'ina. Wasa na dare ne, ƴan kallo maza ne, ƴan wasa kuma yawo suke yi gari-gari. Babu uban da zai bar ƴarsa cikin wannan hali. Tun da labari ba ya yiwuwa ba mace a ciki, sai namiji ya ari matsayinta. Irin haka ta faru a wasu ƙasashen. A Japan gwamnati ta hana mata wasan kabuki a 1629, abin da ya haifar da ƴan wasa maza da suka ƙware wajen fitowa a mata har yau. A Ingila ma yara maza ne ke fitowa a matsayin mata a wasannin Shakespeare, sai a 1660 mata suka fara hawa dandali.

Akwai kuma inda abin ya juya. A fadar Mangkunegaran da ke birnin Solo, wasan langendriyan mata ne zalla ke yin sa tun ƙarni na 19, su ne sarki, su ne mayaƙa. Ƙa'idar dai ba ta canza ba: kada a cakuɗa maza da mata a fili ɗaya.

Yadda mata suka karɓe fili

A ƙarshen ƙarni na 19 lamarin ya fara sauyawa. Misali mafi shahara shi ne na rawar gandrung ta Banyuwangi, a ƙarshen gabashin Java. Maza ne ke yin ta, kuma wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne wani mai suna Marsan. Kamar yadda mutanen garin ke ba da labari, a 1895 wata yarinya mai suna Semi ta yi ciwo mai tsanani, mahaifiyarta ta yi alwashin idan ta warke za ta zama ƴar rawa. Ta warke, ta zama mace ta farko a gandrung. Cikin ƴan shekaru maza suka ɓace daga fagen, saboda ƴan kallo sun fi son ganin mata, malamai kuma suna ƙara matsa wa maza masu shigar mata.

Yau gandrung ita ce tambarin Banyuwangi. Tun 2012 ake shirya bikin Gandrung Sewu a bakin teku, inda ƴan mata fiye da dubu ke rawa lokaci guda. Amma hakan bai kashe gardamar ba. A 2018 ƙungiyar FPI, wadda ta yi suna wajen tsattsauran ra'ayi kafin gwamnati ta haramta ta a ƙarshen 2020, ta fito ta nuna adawa da bikin. A da ana gudun mace ta fito, sai aka sa namiji. Daga baya aka ce namiji ya koma gefe, aka sa mace, ita ma ba ta tsira daga suka ba.

Shekarar 1965

Babban bugun da ya kusa kashe waɗannan wasanni daga siyasa ya fito. A daren 30 ga Satumban 1965 aka kashe manyan janar-janar 6 na sojan ƙasar a wani yunƙurin juyin mulki. Sojoji ƙarƙashin Janar Suharto suka ɗora laifin kan jam'iyyar kwaminis ta PKI, aka shiga farautar ƴaƴanta. Masana tarihi sun ƙiyasta an kashe aƙalla mutum dubu 500. Jam'iyyar na da wata ƙungiyar masu fasaha da ke ƙawance da ita mai suna Lekra, wadda ta jawo ƴan wasan ƙauye da dama a jiki, tun da su ne ke tara talakawa. Da guguwar ta taso, ɗan wasan da aka taɓa gani a taron jam'iyya ya shiga uku. An rufe ƙungiyoyin ludruk, daga baya aka sake buɗe wasu ƙarƙashin kulawar soja. Marubuci Ahmad Tohari, ɗan asalin Banyumas, ya ba da labarin irin wannan bala'i a littafinsa Ronggeng Dukuh Paruk na 1982, game da wata ƴar rawar ƙauye da aka ɗaure kan siyasar da ba ta san kanta ba.

Cikin waɗanda suka ga wannan zamani akwai Dariah, wanda ake yi wa kallon gwanin gwanayen lengger lanang. Sunansa na yanka Sadam, ɗan wani ƙauye a gundumar Somagede. Ya yi tashe kafin 1965, bayan nan fili ya rufe, ya koma yi wa amare kwalliya don ya ci abinci. Lokacin da aka sake sakin wasan a zamanin Suharto, mata ne suka cika dandali, domin gwamnati na son al'adar da ta ga ta dace da tsarinta. Sai a 2011, yana tsoho tukuf, gwamnatin Shugaba Susilo Bambang Yudhoyono ta karrama shi a matsayin gwanin fasahar gargajiya. Ya rasu a watan Fabrairun 2018.

Inda masu suka ke da gaskiya

Ba duk abin da ke cikin tarihin nan ne abin alfahari ba. A Ponorogo da ke gabashin Java akwai wasan reog, wanda aka sani da wani ƙaton abin rufe fuska mai siffar kan damisa da gashin ɗawisu, da ɗan wasa ke ɗauka da haƙoransa. Shugabannin wasan, da ake kira warok, sun yi imani cewa kusantar mace na karya musu asiri. Don haka sukan ɗauki yara maza kyawawa, da ake kira gemblak, su riƙe su a gida, su biya iyayensu da saniya ko makamancin haka. Waɗannan yara ne ke rawar doki ta jathil cikin kwalliya irin ta mata. Malamai da hukumomi sun yaƙi wannan ɗabi'a, kuma daga shekarun 1980 ƴan mata suka maye gurbin yaran. Reog bai mutu ba saboda haka, har ma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da ke buƙatar kariya ta gaggawa a Disamban 2024. Wannan ya nuna ana iya cire ɓarna daga cikin al'ada, al'adar ta rayu.

Didik da dokar talabijin

Babu wanda ya fito da wannan fasaha idon duniya kamar Didik Nini Thowok. An haife shi a 1954 a Temanggung, mahaifinsa ɗan asalin Sin ne, mahaifiyarsa ƴar Java. Ya yi karatu a makarantar koyon rawa ta Yogyakarta, ya kuma bi tsofaffin gwanaye har gidajensu a Cirebon da Malang da Bali yana ɗaukar abin da ya rage a hannunsu. Rawar da ta fi fito da shi ita ce Dwimuka, ma'ana fuska biyu. Yakan ɗaura wata fuskar katako a ƙeya, ya juya wa jama'a baya, ya yi ta rawa har ƴan kallo su kasa bambance gabansa da bayansa. Shekara da shekaru yana fitowa a talabijin ɗin ƙasar, yara da manya suna dariya, gwamnati kuma tana tura shi ƙasashen waje a matsayin jakadan al'ada.

A watan Fabrairun 2016, daidai lokacin da muhawara kan ƴan luwaɗi da maɗigo ta yi zafi a ƙasar, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta KPI ta fitar da sanarwa ta hana gidajen talabijin nuna namiji mai shigar mata, ko kwalliyarsu, ko salon maganarsu. An yi nufin masu gabatar da shirye-shiryen nishaɗi ne, amma sanarwar ba ta ware ƴan wasan gargajiya a fili ba. Masu fasaha suka yi ta ƙorafi cewa an yi kuɗin goro, an haɗa gwanin da ya shafe rayuwarsa yana koyon rawar fada da mai neman suna a shirin barkwanci.

Hujjar kowane ɓangare

Masu adawa suna kafa hujja da hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, wanda ya yi tsawa mai tsanani ga maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. A wurinsu tsufan al'ada ba ya halatta ta, kuma abin da yaro ya saba gani a dandali yana iya zama masa daidai a rayuwa. Su kuma ƴan rawar, waɗanda galibinsu Musulmi ne, suna cewa aiki ne na dandali, kamar yadda wanda ya fito a matsayin ɓarawo a fim bai zama ɓarawo ba.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram yana iya cewa ai wannan daudu ne kawai. Akwai kama, akwai kuma bambanci. Mutanen Indonesiya na da kalma ta daban, waria, ga namijin da ke rayuwar yau da kullum a matsayin mace. Lengger kuwa sunan sana'a ne. Akwai waɗanda suka haɗa biyun, kamar Dariah da ya ci gaba da sa kayan mata har a gida. Akwai kuma da yawa da in gari ya waye suke wanke fuska su koma gona ko kasuwa, da matansu da ƴaƴansu. Shi kansa Rianto yana da aure, matarsa ƴar Japan ce.

Matsin ba daga gida kaɗai yake zuwa ba. A bukukuwan fasaha na Turai sau da yawa ana gabatar da lengger da kalmomin gwagwarmayar jinsi ta zamani, wadda manoman Banyumas da suka ƙirƙiro rawar ba su san da ita ba. Duk lokacin da aka yi haka a waje, sai masu adawa a gida su ce ga shaida. Ɗan rawa ya tsinci kansa tsakanin mai zaginsa da mai yabonsa, kowanne yana kiran sa da sunan da ba shi ya raɗa wa kansa ba.

Halin da ake ciki

An haifi Rianto a 1981 a ƙauyen Kaliori. Ya yi karatun rawa a Banyumas da Surakarta, ya koma Tokyo da zama a 2003, inda ya kafa ƙungiyar koyar da rawar Java mai suna Dewandaru. Ya yi aiki da Akram Khan, fitaccen mai tsara rawa na Birtaniya, ya kuma zagaya ƙasashe da dama da wasansa mai suna Medium. Kamar sauran ƴan ci-rani, a waje ya samu suna da abin hannu, sannan ya waiwayi gida. Shi da abokansa suka buɗe Rumah Lengger, wato Gidan Lengger, a tsohon garin Banyumas, inda ake koyar da yara, ake kuma tattara tarihin tsofaffin gwanaye kafin su ƙare. A watan Yunin 2024 mutum fiye da dubu 10 suka taru a birnin Purwokerto suka yi rawar lengger tare.

Sai dai cika fili a rana guda daban, ciyar da ɗan wasa shekara guda daban. Mai biki a ƙauyen Java yau ya fi samun sauƙi ya ɗauko mai kiɗan piyano ɗaya da mawaƙiyar dangdut, salon kiɗan zamani da ya mamaye ƙasar, maimakon ya ciyar da ayarin makaɗan gora har asuba. Wasan da ake kwana ana yi an taƙaita shi zuwa mintoci don baƙin gwamnati da masu yawon buɗe ido. Saurayin da ya nuna sha'awar koyo kuma sai ya fara shawo kan iyayensa, ya kuma shirya wa baƙar magana a Facebook da TikTok. Yawancin masu koyon lengger a yau mata ne, kuma ko wace irin matsaya malamai da hukumomin ƙasar suka cim ma, yawan samarin da suka yarda su zauna gaban madubi su koyi sana'ar ne zai nuna ko za a ci gaba da jin sunan lengger lanang a Banyumas.